Agnes Pockels: Matar da Ta Auna Yanar Saman Ruwa

Ya kai mai karatu, a wannan darasi za ka karanta tarihin wata Bajamushiya mai suna Agnes Pockels. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa zama ɗalibar jami'a ba, ba ta kuma taɓa yin aikin albashi a fannin kimiyya ba. Duk da haka, ita ce ta ƙirƙiro na'urar da masana suke amfani da irinta har yau wajen auna yanar da mai ko rini kan yi a saman ruwa.

Kafin mu shiga tarihin, ka lura da kalmar yana. Wadda muke nufi a nan dabam take da wadda ke cikin jimla irin ta Audu yana zuwa. Tamu suna ce, ma'anarta kuwa wata 'yar siririyar fata da ke kwanciya a saman abu mai ruwa-ruwa. Ka san yanar da kunu ko madara kan yi idan sun huce. Ka kuma ga yadda manja yake bazuwa a saman ruwan wanke-wanke. Da damina, idan ka bi ta tashar mota a Kafanchan, za ka ga ruwan da ya kwanta yana ƙyalli da launuka irin na bakan gizo, saboda fetur ko baƙin man da ya ɗiga a ciki. Duk waɗannan yana ce. Wadda Agnes ta bincika ta fi su sirantaka nesa ba kusa ba, domin ido ba ya ganin ta.

Haihuwarta da Ƙuruciyarta

An haifi Agnes Pockels ranar 14 ga watan Fabrairu, 1862, a birnin Benis. Yau birnin yana cikin ƙasar Italiya, amma a wancan lokaci yana ƙarƙashin mulkin Ostiriya. A shekarar da aka haife ta, Abdullahi Maje Karofi ne yake sarautar Kano. Mahaifinta, Theodor Pockels, hafsa ne a rundunar sojan Ostiriya. A 1865 aka haifa mata ƙane mai suna Friedrich.

Zazzaɓin cizon sauro ya kama mahaifin nata a yankin da yake aiki, ya raunana shi har ya bar soja. Saboda haka a 1871 ya kwashe iyalinsa suka koma Braunschweig a ƙasar Jamus. A can Agnes ta shiga makarantar sakandare ta 'yan mata. Tun tana makaranta ta ƙallafa rai a kan kimiyya, musamman fiziks, wato ilimin da ke bayanin ƙarfi da motsi da zafi da haske.

Da ta gama sakandare sai ta tarar da ƙofa a rufe, domin a zamanin jami'o'in Jamus ba sa ɗaukar mata. Daga baya da aka fara sassautawa, ba ta sami damar tafiya ba. Iyayenta ba su da ƙoshin lafiya, ita ce mai jinyarsu, ita ce kuma mai kula da gida. Ƙanenta Friedrich kuwa ya tafi Jami'ar Gottingen ya karanta fiziks, har ya zama shehun malami a Jami'ar Heidelberg. Shi ne ya riƙa kawo mata littattafai da mujallun kimiyya, tana karantawa tana koya wa kanta a gida.

Abin da Ta Gani a Ruwan Wanke-wanke

Tun tana da shekara 18 Agnes ta fara lura da ruwan wanke-wanke. Ta ga cewa saman ruwa mai tsabta da saman ruwan da maiƙo ya taɓa ba halinsu ɗaya ba. Sai ta shiga tambayar kanta dalili.

Domin ka fahimci abin da ta gani, dole ka san abu biyu. Na farko, kowane abu a duniya an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani. Masana suna kiran su molekul, mu kuma za mu kira su ƙwayoyin sinadari. Na biyu, ƙwayoyin ruwa suna jan junansu. Wadda ke tsakiyar ruwa ana jan ta ta kowace fuska. Wadda ke sama kuwa ba ta da 'yan uwa a bisanta, sai a gefe da ƙasa. Wannan ya sa saman ruwa yake ɗaurewa kamar fatar ganga. Wannan ɗauri shi muke kira ƙarfin saman ruwa. Shi ne yake ɗauke da ƙwarin nan masu dogayen ƙafafu da kake gani suna yawo a kan ruwa a gefen rafi, a wurare irin su Matsirga, ba tare da sun nutse ba. Shi ne kuma ya sa allura take iya kwanciya a kan ruwa idan an ajiye ta a hankali. Idan mai ko sabulu ya taɓa ruwa, sai ƙarfin ya ragu.

Masana sun daɗe da sanin cewa mai yana bazuwa a kan ruwa. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Franklin ya taɓa zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai a wani tafki a Clapham, kusa da Landan. Man ya bazu ya kwantar da igiyar ruwa a fili mai faɗin kusan rabin eka, wato fiye da rubu'in filin ƙwallon ƙafa. An buga labarin wannan gwaji a 1774. Abin da ya rage shi ne hanyar auna wannan yana daidai wa daida.

Komin Agnes

A wajen 1882, tana da shekara 20, Agnes ta haɗa na'urarta da kayan da take iya samu a gida. Ta sami wani dogon komi na farin kwano, mai tsawon santimita 70, faɗin santimita 5, da zurfin santimita 2. Ta cika shi da ruwa har baki. Sannan ta gitta wani sillen kwano a kansa, yana taɓa saman ruwan, ya raba shi gida biyu. Idan ta tura sillen zuwa dama, sai saman ruwan da ke dama ya tsuke, na hagu ya ƙara faɗi. Idan akwai yana a ɓangaren dama, sai sillen ya matse ta.

Don auna ƙarfin saman ruwan, sai ta rataya wani ɗan faifai mai kama da maɓallin riga a jikin ƙaramin sikeli irin na masu haɗa magani. Takan sauke faifan ya taɓa ruwa, sa'an nan ta duba nauyin da ake bukata kafin a ɓamɓare shi daga ruwan. Idan nauyin ya yi yawa, ƙarfin saman ruwan yana da yawa ke nan. Idan ya ragu, to ƙarfin ya ragu.

Da wannan komi ta warware wata matsala da ta daɗe tana damun masana, wato ƙazantar saman ruwa. Ƙura da maiƙon hannu suna ɓata gwaji. Agnes ta gano cewa idan ta ja sillen daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yakan share saman ruwan kamar tsintsiya, ya bar sabon sama mai tsabta a bayansa. Ta kuma fito da dabarar ɗiga mai ɗan ƙanƙani da aka san yawansa. Takan narkar da shi a cikin wani ruwa mai saurin tashi a iska, ta ɗiga a kan komin. Ruwan ya tashi, man ya saura. Har yau haka ake yi a ɗakunan gwaji.

Babban abin da ta gano shi ne wannan. Idan ta ɗiga mai kaɗan ta fara matse shi, da farko ƙarfin saman ruwan ba ya canzawa. Sai an kai wani faɗi na musamman, sannan ƙarfin ya fara faɗuwa da sauri. Ka kwatanta da fasinjoji a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Idan fili yana da yawa, kowa yana yawonsa ba mai taɓa wani. Idan aka yi ta rage filin, za a kai lokacin da kafaɗa za ta haɗu da kafaɗa, daga nan sai turereniya. Haka ƙwayoyin mai suke yi a kan ruwa. Wurin da suke cika fili su matsu da juna, masana sun sa masa sunanta, suna kiran sa gaɓar Pockels.

Wasiƙa Zuwa Ingila

Agnes ta yi kusan shekara 10 tana gwaje-gwaje tana rubuta sakamako, ba tare da an buga ko ɗaya ba. Masanan ƙasarta da suka ji labarin aikin ba su ba shi muhimmanci ba. Ana nan sai a 1890 wani babban masani na Ingila, Lord Rayleigh, ya buga bincikensa a kan yanar man zaitun. Ya lissafa cewa kaurinta bai wuce nanomita 1.6 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Sai an jera irin wannan yana fiye da 60,000, wata a kan wata, kafin su kai kaurin takardar da kake karantawa.

Da labarin ya iso wa Agnes, sai ta ga cewa abin da wannan babban mutum yake nema ita ma shi take bincike. Ranar 10 ga Janairu, 1891, ta rubuta masa doguwar wasiƙa da Jamusanci, ta bayyana komin da sakamakon da ta samu. Ka tuna cewa ba ta da digiri, ba ta da muƙami, kuma Rayleigh bai taɓa jin sunanta ba. Yana da ikon ya jefar da wasiƙar, ko ya ɗauki dabarar ya yi shiru. Bai yi haka ba. Matarsa ta fassara wasiƙar zuwa Ingilishi, shi kuma ya aika da ita ga mujallar kimiyya mai suna Nature tare da ɗan bayanin yabo. An buga ta ranar 12 ga Maris, 1891, da sunan Agnes Pockels. A lokacin shekararta 29.

A nan akwai abin lura gare ka, kai da kake koyon Hausa bayan harshenka na gida, ko Jju ne, ko Tyap, ko Fantswam, ko wani. Da ba a sami mai jin harshe biyu a gidan Rayleigh ba, da wataƙila wasiƙar ta daɗe a ajiye. Mai harshe biyu gada ne da ilimi yake bi ya ƙetare.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Mujallar ta sake buga rubuce-rubucenta a 1892 da 1893 da 1894, mujallun Jamus ma suka fara karɓar aikinta. A 1899 Rayleigh, wanda ya yi amfani da irin kominta, ya bayyana cewa kaurin yanar nan kaurin ƙwayar sinadari ɗaya tak ne. Wannan ya ba masana hanyar sanin girman ƙwayar da ba su taɓa gani da ido ba.

Shekarun Wahala da Girmamawa

Shahara ba ta sauke wa Agnes nauyin gida ba. Rashin lafiyar iyayenta ya ƙaru, jinya ta cinye mafi yawan lokacinta. Mahaifinta ya rasu a 1906, ƙanenta Friedrich a 1913, mahaifiyarta kuma a 1914. A shekarar ce Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, samun mujallun ƙasashen waje ya yi mata wuya. Ita ma lafiyarta da ganinta suka fara raguwa. Ba ta taɓa yin aure ba.

Girmamawa ta zo mata ne a ƙarshen rayuwa. A 1931 ƙungiyar masanan Jamus masu nazarin wannan fanni ta ba ta lambar yabo ta Laura Leonard. A 1932, shekarar da ta cika 70, babbar makarantar fasaha ta Braunschweig ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a wannan gari ranar 21 ga Nuwamba, 1935, tana da shekara 73. Yau jami'ar fasaha ta Braunschweig tana da ɗakin gwaji mai ɗauke da sunanta, inda yara 'yan makaranta suke zuwa koyon kimiyya.

Waɗanda Suka Ɗora a Kan Aikinta

A Amurka, wani masani mai suna Irving Langmuir ya inganta komin, ya buga sakamakonsa a 1917. Ya nuna cewa ƙwayar irin wannan mai tana da kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar kuwa tana gudun sa. Saboda haka idan aka matse su, sai su miƙe tsaye kamar dawa a gona, kai a cikin ruwa, wutsiya a iska. An ba Langmuir kyautar Nobel a 1932. Abokiyar aikinsa, Katharine Blodgett, ta gano yadda za a kwashe yanar daga ruwa. Takan tsoma gilashi ta cire a hankali, kowane tsomi ya ɗauko siririyar yana. Da haka ta jera su da yawa, har ta yi gilashin da ba ya ƙyalli a 1938.

Yanar Rini

Yanzu bari mu dawo gida. Ƙasar Hausa ta shahara da rini tun zamanin da. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya ziyarci Kano a 1851, ya ga yadda ake kai rinannun tufafinta ƙasashe masu nisa. Har yau marinar Ƙofar Mata tana aiki a Kano. Marina suna haɗa baba da ruwan toka a cikin rami, su bar shi ya yi kwanaki yana tsima. Idan ya nuna, sai wata yana mai ƙyalli, shuɗiya mai ratsin ja, ta kwanta a samansa tare da kumfa. Ga dalilin. A cikin ramin, shunin ya rikiɗa ya narke a ruwa, launinsa ya koma kore-kore. Wanda ke sama yana haɗuwa da iska, sai ya koma shuɗi, ya daina narkewa, ya kwanta a matsayin yana. Abin da ke faruwa ga zane ke nan idan aka tsamo shi. Yakan fito kore-kore, iska ta mai da shi shuɗi. Gogaggen marini yana duban wannan yana ya san ko rininsa ya yi.

Yanar marina tana da kauri ƙwarai idan aka gwada ta da ta Agnes, domin ƙwayoyi ne jibge a kan juna. Masana sun so su ga halin rini idan kaurinsa ƙwaya ɗaya ne. To amma rini da yawa yana narkewa a ruwa, ba ya tsayawa a sama. Sai suka yi dabara, suka liƙa wa ƙwayar rinin doguwar wutsiya mai gudun ruwa, suka ɗiga shi a komi irin na Agnes. Idan aka matse, ƙwayoyin sukan jeru, wasu a tsaye, wasu a karkace kamar jerin bulo. Yadda suka jeru shi yake sa su sha wani launi na haske su bar wani. Saboda haka rini ɗaya yana iya canza launi don kawai an matse shi.

Wani masani mai suna Hans Kuhn, wanda ya yi aiki a Marburg da Gottingen a Jamus, ya yi fice a wannan bincike tun daga shekarun 1960. Yakan jera yanar rini iri biyu a kan gilashi, ya sa yanar mai a tsakaninsu. Ya nuna cewa rini na farko yana shan haske ya miƙa ƙarfinsa ga na biyu, muddin tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan nanomita ba. Irin wannan miƙe-miƙe yana faruwa a cikin koren ganye lokacin da tsiro yake haɗa abincinsa da hasken rana.

Ilimin saman ruwa ya shafi lafiyarka ma. A cikin huhunka akwai wata siririyar yana da ke rage ƙarfin saman ruwan da ke ciki, don kada huhun ya manne idan ka fitar da numfashi. Jariran da aka haifa bakwaini sukan rasa isasshiyar wannan yana, likitoci kuma suna da maganin da ke maye gurbinta. Haka nan, 'ya'yan sauro suna rataye ne a saman ruwa suna shaƙar iska. Idan aka shimfiɗa yana a kan ruwan da ya kwanta, sai su kasa numfashi su mutu. Ka ga ilimin da Agnes ta taimaka aka gina yana cikin makaman yaƙi da cutar da ta raunana mahaifinta.

Darasi Gare Ka

An hana Agnes jami'a saboda ita mace ce, duniya kuma ba ta san iyakar abin da ta yi asara ba da wannan hani. Har yanzu akwai 'yan mata masu kaifin basira da ake cirewa daga makaranta don talla ko aikin gida. Ke ɗaliba, ga jami'a da kwalejin ilimi kusa da ke, a Kafanchan da Gidan Waya, ƙofar da Agnes ba ta samu a buɗe ba. Kai kuma ɗalibi, ka yi koyi da Friedrich da ya kawo wa yayarsa littattafai, da Rayleigh da ya ba mai haƙƙi haƙƙinta. Dukanku ku riƙe halinta na lura da abin da ke gabanku, da aunawa, da rubuta abin da kuka gani. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Gwaji

Ka zuba ruwa mai tsabta a faranti, ka barbaɗa ɗan garin yaji a sama. Ka shafa sabulu a kan tsinke, ka taɓa tsakiyar ruwan. Ka rubuta abin da ya faru da garin, ka kuma bayyana dalili da Hausa.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Agnes Pockels, kuma a wace shekara?
2. Me ya hana ta shiga jami'a?
3. Bayyana yadda kominta yake aiki.
4. Wace rawa Lord Rayleigh da matarsa suka taka a tarihinta?
5. Me ya sa yana take kwanciya a saman ramin rini?
6. Yi jimla da kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi: yana, komi, marini, sikeli, jinya.